DOGO YANA ZUWA: ADAR DA MAJIYA SU SHIRYA

Ƙasar Nijar tana cikin ƙasashen da jirgin ƙasa bai yi wa aiki ba tukuna. Dogon da ya taso daga Kotonu ya tsaya Faraku tun 1936. Wanda aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso, aka ƙaddamar a 2016, bai shiga jigilar kaya da mutane ba. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin wani dogon mai tsawon kilomita 284, daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Wannan zance ya shafi manoman Madawa da Buza da Keita, ko da yake ƙarfen ba zai ratsa gonakinsu ba.

Mawaƙa da marubuta sun daɗe da yin nazarin jirgin ƙasa, kuma abin da suka bari darasi ne. Lokacin da Turawan Ingila ke janyo dogo zuwa Kano, inda ya iso a 1911, Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya tsara Waƙar Diga, wadda ta adana labarin wahalar da talakawa suka sha wajen aikin. Bayan haka gyaɗa ta bunƙasa, aka yi dalarta a Kano, fataken Maraɗi ma suka riƙa kai tasu can. A yamma kuwa, Usman Samben na Senegal ya wallafa littafi a 1960 bisa yajin aikin ma'aikatan dogon Dakar zuwa Bamako, na 1947 da 1948, inda ya nuna yadda ma'aikata da matansu suka haɗa kai har aka saurare su. Waƙar da littafin duka suna koyar da abu guda: jirgi yana amfanar wanda ya shirya masa, wanda bai shirya ba kuwa sai ya ga hayaƙi.

Albasa ita ce dukiyar fadamun Tarka da Majiya da kwarin Keita. Manyan motoci ke ɗaukarta zuwa Abijan da Akara da Kumasi. Lokacin girbi, a watannin Maris da Afrilu, kasuwa takan cika, buhu ya faɗi warwas. Wanda ya zuba tasa cikin rudu yana jiran tsada, sau da yawa ruɓa takan cinye masa rabo mai yawa. Idan jirgi ya iso Maraɗi alhali wannan hali bai sake ba, riba za ta tafi ga dillalai, manomi ya tashi da gajiya.

Saboda haka aiki uku ke gaban hukumomi. Na farko, gyaran hanyoyin da ke fito da kaya daga Keita da Buza zuwa babbar hanyar kwalta ta Madawa. Na biyu, gina ɗakunan ajiya masu iska. Na uku, ƙarfafa ƙungiyoyin manoma don su sayar da murya ɗaya.

Waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci su ma suna da nasu nauyi. Su ne za su riƙe littafin ƙungiya, su karanta sikeli, su rubuta yawan buhuna da kuɗinsu, kada a cuci kowa. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Lokacin shiri shi ne yanzu, tun jirgi bai yi kuka a tashar Maraɗi ba.