Ba Talakan Zuru Ne Ya Wawure Kuɗin Tallafi Ba

A watan Mayun 2025 hukumar katin ɗan ƙasa ta ƙara kuɗin gyaran ranar haihuwa a kan lambar NIN, har ya haura naira 28,000. Tallafin da gwamnatin tarayya ta yi wa gida guda alkawari a wata naira 25,000 ne, kuma sharaɗin samunsa shi ne a tantance mutum da wannan lambar. Ke nan tsohuwar da ke Ribah ko Dirin Daji, wadda yaron shagon rajista ya ƙiyasta mata shekarar haihuwa, ma'aikacin banki kuma ya rubuta wata daban, sai ta biya abin da ya fi tallafin wata guda kafin takardunta su dace da juna. Duk da haka ra'ayin da ya yi kaka-gida a ofisoshin Abuja da Birnin Kebbi, har da bakin wasu 'yan bokonmu, shi ne wai matsalar shirin tallafi sunayen boge ne da talakawa masu karɓa sau biyu, wai da zarar an matse su da tantancewa sata ta ƙare. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskure ne mai cutarwa, domin shi ke gaya wa shugaban masu bincike inda zai tura yaransa, shi ke gaya masa inda zai kawar da kai.

Mu duba inda aka ji ƙarar ɓarna. A farkon watan Janairun 2024 aka dakatar da Halima Shehu, shugabar hukumar da ke kula da shirye-shiryen tallafi ta ƙasa, bisa zargin karkatar da kimanin naira biliyan 44. Ranar 8 ga watan Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, bayan ɓullar wata takarda da ta nemi a zuba naira miliyan 585 a asusun wata ma'aikaciya na ƙashin kanta, alhali ƙa'idojin kuɗi na gwamnatin tarayya sun haramta sanya kuɗin jama'a a asusun mutum. A cikin makon ne kuma EFCC ta yi wa tsohuwar minista Sadiya Umar Farouq tambayoyi kan zargin da ya shafi naira biliyan 37. Zuwa watan Afrilu EFCC ta ce ta ƙwato naira biliyan 32.7 da dala 445,000 a binciken ma'aikatar. Zargi dai zargi ne, kotu ce mai raba gardama, amma kuɗin da aka ce an ƙwato ba a ƙarƙashin tabarmar wata bazawara a Mahuta aka tono su ba. A raba biliyan 32.7 da naira 75,000, wato cikakken tallafin wata uku, za a ga rabon gidaje 436,000 ne. Miliyan 585 kaɗai kuɗin wata guda ne na gidaje sama da 23,000. Ko duk talakawan masarautar Zuru sun haɗa baki sun yi ƙarya a rajista, ba za su kai ga ɓarnar da sa hannun mutum ɗaya ke iya yi a takarda ɗaya ba.

To me aka yi bayan wannan tonon silili? Ranar 12 ga Janairu aka dakatar da shirye-shiryen gaba ɗaya na mako shida: N-Power, da ciyar da 'yan makaranta, da rancen ƙananan 'yan kasuwa, da tura kuɗi ga gidaje. Watanni kaɗan ke nan da cire tallafin man fetur, kwanon masara na neman fin ƙarfin magidanci, amma hukuncin farko da aka yanke shi ne a toshe bakin wanda bai ci ba. Da aka tashi ci gaba da biya, sabon sharaɗin da aka gindaya na kan mai karɓa ne: kawo NIN, kawo BVN, kawo asusun banki ko na waya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ita kuwa Betta Edu, a watan Oktoban 2024 aka maye gurbinta da Nentawe Yilwatda cikin garambawul na majalisar ministoci, talakan da aka tsayar wa abinci saboda lamarin bai ga wani rahoto da aka shimfiɗa masa ya karanta ba.

Za a ce ai sunayen boge gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Haka ne, akwai su, kuma majalisar tattalin arziki ta ƙasa da kanta, a zamanta na Yulin 2023, ta ce rajistar talakawan da aka gada ba abin dogaro ba ce. Amma wa ke rubuta sunan boge? Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba, ba shi da hanyar cusa ƙarin suna hamsin a kwamfutar gwamnati. Mai yin haka shi ne wanda aka damƙa wa fom, da jami'in da ke shigar da bayanai, da ɗan siyasar da ke aiko da jerin mutanensa, da kamfanin da aka ba kwangilar biya, wanda shi kaɗai ya san nawa ya fita, nawa ya isa hannu. Sunan boge shaida ce a kan ma'aikaci. Shugaban bincike da ya gano suna ɗari na ƙarya, ya goge su, ya rubuta wa na sama da shi cewa ya ceto wa gwamnati kuɗi, bai gama komai ba. Aikin yana farawa ne daga tambayar wane ne ya shigar da su, da lambar shiga ta wa, a wace rana, wa ya amince, kuma wane asusu kuɗin ya faɗa. Gogewa ba tare da wannan tambaya ba share sawun ɓarawo ne, domin hannun da ya rubuta na farko yana nan a kujerarsa, gobe zai rubuta wasu, wannan karon da NIN na gaske na 'yan uwansa da yaran gidansa. Na'urar tantancewa tana tabbatar da cewa mutum na gaske ne, amma ba ta san ko talaka ba ne.

Abin da masu wannan ra'ayi ba sa son a lissafa shi ne wanda aka bari a waje. A ƙasar Zuru wannan lissafi ba ƙarami ba ne. Danko/Wasagu da Sakaba sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 kaɗai an kashe 'yan sa-kai sama da sittin a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba, kwana kaɗan bayan haka aka far wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, a Kanya. Mutumin da ya gudo daga ƙauyensa da rigar jikinsa, aka ƙone rumbunsa, aka kore shanunsa, aka ƙwace wayar da layinsa ke ciki, shi ne ya fi kowa cancantar tallafi, shi ne kuma ya fi kowa kasa cika sharaɗin. Ga kuma batun suna. Mutum yana da sunansa na harshen C'lela, yana da na Hausa ko na coci ko na yanka, malamin firamare ya rubuta iri ɗaya, banki ya rubuta wani iri, mai rajista ya juya harafi. A wurin kwamfuta wannan alamar zamba ce. A wurin duk wanda ya san ƙasar Lelna, masu harshen C'lela, haka rayuwar kusan kowane gida take. Sai kuɗin mota zuwa cikin garin Zuru, sai a tarar babu sabis, sai a ce a dawo gobe, sai mai POS ya cire nasa. Babu ofishin da ke ƙirga waɗannan mutane, domin a takarda ba hana su aka yi ba, kawai dai ba su samu shiga ba.

Wasu kuma na cewa haka ƙasashen da suka ci gaba ke yi, kwamfuta ke zaƙulo maƙaryata. Su je su tambayi ƙasar Holan, inda hukumar haraji ta ɗora wa dubban iyaye laifin zambar tallafin renon yara alhali ba su yi ba, ta tilasta musu mayar da kuɗi har gidaje suka tarwatse, kuma mallakar takardar zama ɗan ƙasa biyu na cikin abin da ke sa a sa wa mutum ido. A watan Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus dungurungum saboda wannan. Su tambayi Ostareliya, inda tsarin Robodebt ya riƙa aika wa talakawa takardar bashin da ba su ci ba, har hukumar bincike ta musamman ta yi tir da shi a rahotonta na 2023. Waɗannan ƙasashe ne masu cikakkiyar rajistar haihuwa da kotunan da talaka ke iya kaiwa gare su, amma abin ya ci su. Maganar cewa mu a nan za mu fi su iyawa, da rajistar da ake yi a shago da janareta, ba ta cancanci dogon martani ba.

Aikin mai kula da binciken zamba a hukumar tallafi yana da tsari, ba wani sirri ba ne. Ya bi kuɗi daga sama zuwa ƙasa: abin da ya fita daga asusun bai-ɗaya na gwamnati, abin da ya shiga hannun kamfanin biya, abin da ya sauka a wayar mai karɓa, sannan ya nemi bayanin duk giɓin da ke tsakani. Ya raba kuskure da zamba, kada ya ƙyale yaransa su kira bambancin harafi laifi. Kada a tsayar wa kowa kuɗinsa sai an sanar da shi dalili, an ba shi wurin kai ƙara da zai iya zuwa da ƙafa. Kuma kada a auna ƙwazon mai bincike da yawan sunayen da ya goge, domin duk ma'aikacin da aka ce ƙarin girmansa na kan yawan gogewa, zai nemi wanda ba zai iya rama ba. Mafi sauƙi kuma mafi arha, a liƙa jerin sunayen kowace mazaɓa a ƙofar mai unguwa da makarantar firamare, a karanta shi da Hausa da C'lela ranar kasuwa. Mutanen Dabai sun san wanda ya mutu, sun san wanda ke da albashi, sun san sunan da babu mai shi a garin. Masu cewa hakan zai tona asirin talaka su fara tambayar talakan ko ya fi son a rufa masa asiri ko a ba shi haƙƙinsa. Asirin da ake karewa da ɓoye jerin nan na wanda ya rubuta shi ne.

A nan ne kuma dole a taɓo tsohon miki. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991, masarautar Zuru ba ta taɓa fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba, kuma kowa ya san shekarun da hanyar Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai ta yi tana cin motoci da rayuka kafin a waiwaye ta. Yankin da ya ba rundunar sojan Nijeriya 'ya'yansa fiye da yadda girmansa ya nuna, shi ne kullum ake yanke wa hukunci daga nesa. Idan aka mayar wa jihohi ikon tsara rajista, kamar yadda gwamnoni suka nema a 2023, to a Birnin Kebbi za a ƙayyade kason Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu da Zuru, kuma mutanen waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna da haƙƙin ganin alƙaluman da idonsu. Gwamna Nasir Idris ya fito daga ƙungiyar malamai da ta ƙwadago, ya san abin da ake nufi da tantancewar da ke barin mai haƙƙi a layi yayin da mai laifi ke ofis. 'Yan majalisar da ke wakiltar yankin a Abuja da Birnin Kebbi su nemi a ba su a rubuce: gida nawa aka sa a rajista a kowace mazaɓa, nawa aka biya, nawa aka cire saboda rashin NIN ko saɓanin suna, da kuma jami'i nawa aka hukunta saboda cusa sunan ƙarya.