Filin Masu Mota: Kada ƙyallin kulas ya ruɗe ka

Wannan wata maganarmu a kan kulas ce, wato kan inji, musamman na hannu wanda ake sayowa idan za a ɗaure inji.

Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994 kuɗin sabon kaya ya ninka, jama'a suka koma ga kayan "venu de France" da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Lome. Ba laifi ba ne. Amma fa Bature bai cika jefar da injin da ke da lafiya ba, kuma kulas shi ne ya fi shan wuya idan mota ta yi zafi. Ga shi kuwa hanyarmu ta arewa ba ta da tausayi: motar da ta cika da kaya ta hau Aledjo da Defale, in akwai ɓoyayyen ciwo a kan inji, nan zai fito.

Da farko ka tabbata irin naka ne. Ka tafi da tsohon kulas ɗinka, a jera su, a duba lambar da aka zuba a jiki da ramukan ruwa da na mai. Masu Hiace su kula sosai: injin 2L na kafin 1988 da na bayansa sunansu ɗaya, amma yadda ake buɗe supap ya bambanta, ba a musanya su.

Sai a wanke shi tas da kananzir. Ni dai kulas mai datti ya fi kwanta mini a rai bisa wanda aka fesa wa sabon fenti, don fenti yakan rufe tsaga da walda. A duba tsakanin supap biyu, nan ne kan injin gazuwal ya fi tsagewa, ko na Toyota ne ko na Peugeot. A kuma leƙa ramukan ruwa. Wanda ya daɗe yana shan ruwan rijiya zalla za ka ga bakinsu ya cinye, juwan ba zai riƙe ba.

Bayan haka a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa, a tsaye da a karkace, a zura ma'auni a ƙarƙashi. Lanƙwasar da aka yarda da ita ƙarama ce ƙwarai, daga milimita 0.05 zuwa 0.20 gwargwadon inji, ido ba ya ganinta. Ana iya kai shi a goge fuskar, amma a fara auna kaurinsa, domin wanda aka sha gogewa ba shi da sauran nama. Sandar da ke buɗe supap kuma ta juya da hannu ba tare da cijewa ba. Murafenta su zama nasa na asali, tunda tare aka huda su a masana'anta. Na wani kulas ba za su zauna daidai ba. In an zuba kananzir a ramukan supap ya tsiyaye nan take, akwai sauran aiki.

Duk da haka akwai tsagar da ke ciki wadda ba ta buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi. Ita sai an toshe ramuka, an hura iska, an tsoma kulas cikin ruwan zafi a ga ko zai yi kumfa. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, ku yi sharaɗi da mai kaya gaban shaidu cewa in gwaji ya nuna ciwo za a mayar masa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, bar masa kayansa, ka ƙara gaba.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake zaɓen kaurin juwan.