Dawaki 46 a hannun yaron da bai taɓa riƙe linzami ba



Makon jiya a shirinmu na dare munka taɓo maganar manyan baburan nan masu faɗin taya da kujera ƙasa-ƙasa, waɗanda sunka cika TikTok, har an fara ganin ɗaya-ɗaya a garuruwanmu. Wani matashi ya bugo waya da zafinsa ya ce: "Ku ƴan radiyo hassada ke damunku. Mutum ya sha wuya a Jado, ya samo kuɗɗinsa, ya sayi abin da ransa ke so, ina ruwanku?" Lokaci ya ƙure kafin mu ba shi amsa. To ƙanenmu, ga amsar a rubuce. Ka karanta har ƙarshe, in ya so ka sake bugowa.

Da farko, ba mu ce moton ba shi da kyau ba. Ƙarya ne mu faɗi haka. Turawa na kiran wannan ƙira cruiser, kuma asalinta daga Amurka ne, wajen kamfanoni irin su Harley-Davidson da anka kafa tun 1903. Ƙira ce ta mai tafiya a natse bisa doguwar hanya miƙaƙƙiya: ka zauna kamar kana kan kujerar falo, ka miƙe hannuwa, inji na gurnani a hankali. Daga baya Japan da Indiya sunka yi nasu matsakaita, kuma su ne ke jan hankalin yaranmu yanzu. Ga Honda Rebel 500 da ya fito a 2017: silinda biyu, 471 cc, giya shida, ƙarfin doki 46, ruwa ke sanyaya injin. Ga Kawasaki Vulcan S mai 649 cc. Ga Royal Enfield Super Meteor 650 da ya shiga kasuwa a 2023, mai 648 cc da ƙarfin doki 47. Waɗanda sunka ƙera su sun san aikinsu. Tsayin kujerar Rebel santimita 69 ne kacal, gajeren mutum ma yana dire ƙafafunsa biyu a ƙasa. Tankinsa na cin lita 11 da ɗoriya, yana kuma yin wajen kilomita 27 da lita ɗaya, ke nan ciki guda ya ishe ka daga Maraɗi zuwa Damagaram. Wa zai raina wannan?

Rigimarmu da mai sayarwa ce da mai talla a waya, waɗanda ke karanto ma yaro layi ɗaya daga takardar bayanin moton su ɓoye sauran. "500 ne!" "650 ne!" Shi ke nan tallar. To mu bari mu karanto layukan da sunka tsallake.

Layi na farko, nauyi. Rebel 500 na da kilo 190, kusan buhun hatsi biyu na kilo ɗari-ɗari. Vulcan S ya haura kilo 220. Super Meteor kilo 241 ne. A kan gudron mai santsi ba za ka ji nauyin nan ba, shi ne ma ke sa moton ya zauna daram. Amma ƙofar gidan wa gudron ya kai? Daga babbar hanya zuwa cikin kartiye, yashi ne. Duk mai kabu-kabu ya san yadda ake ratsa yashi: ka saki jiki, ka kafa ƙafa, in moto ya karkace ka tallabe shi da cinya. Gwada tallabe buhu biyu da rabi da cinya ɗaya ka gani. In ya kwanta maka a kan ƙafa, ga salansa da zafi, sai an kira mutane.

Layi na biyu, tazarar da ke tsakanin cikin moton da ƙasa. A cikin ukun nan babu wanda ya kai santimita 14. Ɗauki wayar Android da ke hannunka ka tsai da ita a ƙasa: yawancinsu ba za su shige ƙarƙashin moton a tsaye ba. Yanzu ka tuna hanyar RN1, daga Maraɗi ka bi Cadawa, Gazawa, Tasawa, Takeita. Tudun rage gudu nawa ne, dos-d'âne ɗin nan, a bakin garuruwa? Ramuka nawa damina ke bari? Ƙaramin moton da muke rainawa ya fi su tsayin ciki, shi ya sa yake haye abin da babban ke dukan ƙirji a kai.

Layi na uku, zama. Kujera ƙasa-ƙasa ba banza take samuwa ba, an rage tafiyar sifirin na baya ne. A Rebel ba ta kai santimita 10 ba. A Vulcan da Super Meteor kuma matakan ƙafa suna can gaba, ba ka iya miƙewa tsaye a kansu in ka hango rami. Abin da sifirin bai shanye ba, ƙashin bayanka ne zai shanye. A hanyar laterit mai ƙunya-ƙunya, kilomita talatin sun isa mutum ya san yana da ƙugu.

Layi na huɗu, mai da gyara. Baburan nan ba su da kafireta. Kwamfuta ce ƙarama ke auna esansi tana fesa ma injin ta ƴan ƙofofi sirara kamar bakin allura. Wannan ne ke sa su rashin shan mai, wannan ne kuma ke sa su tsantsami. Esansin kwalba na bakin hanya, wanda ya wuni cikin ƙurar hunturu, ƙaramin moto zai sha ya yi tari ya wuce. Wannan kuwa in ya toshe, makaniken da ke gindin bedi ba zai hura shi da baki ya tashi ba. Ba raina shi muke ba, mutumin da ke kwance inji ya ɗaure kafin la'asar ya wuce raini. Na'urar karanta kwamfutar ce ba shi da ita, kayan gyaran kuma babu su a kasuwa. A kartiyenmu akwai wani da ya sayo irin wannan na hannu. Sati uku ya hau. Dutse ya huda masa radiyeta, yau wata huɗu moton na jingine an lulluɓe shi da tabarma, ana jiran kaya daga waje. Kullum da safe kabu-kabu yake tarewa.

Duk waɗannan asarar dukiya ce, ana mayarwa. Ga layin da ya sa munka ɗauki alƙalami.

Kun taɓa tambayar mi ya sa Honda na Japan ya tsaya a doki 46, Royal Enfield na Indiya ya tsaya a 47? Sun kasa wucewa ne? Ko kusa. Doka ce ta tsai da su. A ƙasashen Tarayyar Turai akwai permi da ake kira A2, na sabon mahayi ɗan shekara 18 zuwa sama, wanda bai yarda a hau moton da ya wuce kilowat 35 ba, wato wajen doki 47. Kamfanonin sun auna injinsu daidai bakin wannan iyaka don su samu kasuwar masu koyo. Vulcan S da ke da doki 61, sai an rage masa ƙarfi kafin mai A2 ya hau. A Faransa, kafin a ba ka A2 sai ka ci jarrabawar dokokin hanya, ka yi aƙalla awa 20 a hannun malamin tuƙi, a gwada ka a fili, a gwada ka cikin gari. Bayan nan sai ka shekara biyu da shi, ka ƙara horon awa 7, sannan a bar ka ka taɓa wanda ya fi shi. Kaske dole ne, safar hannu ma dole ce tun 2016.

Ku duba da kyau. Abin da mu muke kallo a matsayin ƙarshen girma, a can moton ɗan koyo ne, kuma ko shi ba a miƙa ma yaro makullinsa sai ya bi ta hannun malami. An ƙera shi ne tare da hanyarsa, da makarantarsa, da tufafinsa, da motar asibitin da za ta zo in an faɗi. Mu mun ɗauko ƙarfen mun baro sauran a can. Yaron da jiya yake kan 125 cc, ko Boxer 150 mai doki wajen 12, yau an ninka masa ƙarfi kusan sau huɗu, koyarwar da ya samu kuwa ita ce: "Ga giya, ga birki, Allah ya tsare."

Mu jikokin mahaya ne. A Damagaram, a Gobir, a Katsinar Maraɗi, wane uba ne ke ɗora ɗansa kan ingarma ranar hawan salla ba tare da ya fara da jaki, ya bi da ƙuru, ya san linzami da likkafa ba? Ingarma ɗaya ke nan. Yau muna ɗora shi kan arba'in da shida, da silifas a ƙafa da hula a kai, muna ɗaukarsa bidiyo muna tafi.

Lissafin gudu ba ya jin roƙo. Rebel 500 na kaiwa kilomita 150 a awa. Mu bar 150, mu tsaya a 120. A wannan gudun kana cin mita 33 a kowane sakan. Akuya ta ɓullo, ko amalanke ba fitila, ko yarinya mai talla ta tsallako: kafin hannunka ya kai ga birki ka riga ka shafe mita talatin. In kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata ninkuwa yake sau huɗu. Mai sayarwa zai ce maka akwai ABS, birkin da ba ya kulle taya. Gaskiya ne, abu ne mai amfani, Turai ta wajabta shi a kan duk sabon moton da ya wuce 125 cc. Amma ABS ba ya ƙirƙiro riƙo inda babu shi. Gudron da iska ta shimfiɗa ma yashi, taya ba ta da abin kamawa, da ABS da babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, ta kuma ce kaske mai kyau da anka ɗaure daidai na rage mummunan raunin kai da wajen kashi 70 cikin 100. Shekarun su wa ke nan? Na masu bugo mana waya ne.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ƙananan babura ne ke cika asibitocinmu da karaya. Haka ne, don su ne ko'ina. Wannan ai hujjarmu ce: in da doki 12 ga halin da muke ciki, ina ga 46? Za a ce ajali ne, in ya zo ko a kan gado sai ya ɗauka. Babu musu. Amma mai faɗin haka da dare yana kulle moton nasa da sarƙa, bai ce ƙaddara ta tsare masa ba. Ka ɗaure moto don ɓarawo, ka bar kanka a sake? Za a ce kuɗɗinsa ne. Nasa ne, halaliyarsa. A Turai sabon Rebel ya haura miliyan 4 na sefa, kafin kuɗɗin jirgi da na duwan. Wanda ya ga zai iya, ba mu da ta cewa a kan aljihunsa. Amma hanyar ba tasa ba ce shi kaɗai. Tsohuwar da ke tsallakawa zuwa kasuwa ba ta sa hannu a cinikin ba.

Akwai kuma masu cewa a hana shigo da su kwata-kwata. Da su ma ba mu tare. Dattijon da ya shekara ashirin yana tuƙi, yana da permi, yana da kaske, aikinsa na kai shi Yamai da Doso a kan gudron, wannan moton zai yi masa daidai, zai ma fi ƙaramin natsuwa a doguwar tafiya. Laifin ba na ƙarfe ba ne.

Ga abin da muke nema, ba mai yawa ba ne.

Masu sayarwa, ku ji tsoron Allah ku karanto takardar duka. Ku faɗi nauyi, ku faɗi tsayin ciki, ku faɗi inda za a samu taya da filta in sun ƙare. Kada makulli ya fita hannunku sai kun ga permi, kuma ku sa kaske cikin kuɗɗin.

Hukumomi, wanda zai hau 500 cc a gwada shi a kan 500 cc. Gwajin da anka yi da ƙaramin moto ba shaida ba ce a kan babba. Maganar kaske kuma ta daina zama ta sati ɗaya a shekara.

Iyaye da yayye, in yaro ya dawo daga wajen zinariya ko daga bariki da ɗan abin hannunsa, ku zauna da shi kafin dillali ya riga ku. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fid da shi.

Mu ma ƴan radiyo da masu shafuka, mu daina yaɗa bidiyon yaro yana tsere ba kaske muna sa masa kiɗa. Tafin da muke yi yana cikin abin da ke murɗa totur.

Kai kuma ƙanenmu da ka bugo waya, mun ji ka, mun kuma san ramin Jado ba wasa ba ne. Allah ya fid da kai daga can da ranka, mahaifiyarka ta yi sadaka. In har zuciyarka ta kafe a kan wannan moton, saya. Amma ka fara da kaske da takalmi rufaffe. Ka nemi fili ka yi sati biyu kana koyon tsayawa kafin ka koyi gudu. Ka tambayi makaniken da zai gyara maka tun kafin ka biya, in ya girgiza kai, ka ji tsoron kuɗɗinka. In ka yi haka, ka biyo ta tasharmu da shi, mu za mu fara yi maka barka.

Layinmu a buɗe yake ranar shiri mai zuwa. Masu sayar da babura, makanikai, ƴan kabu-kabu, da duk wanda ya ga mun yi kuskure a lissafi, ku bugo mu ji. Allah ya kai mu, ya tsare mu da ƴaƴanmu a kan hanya.