Lafiya Uwar Jiki: Maganin Girma Ga Wanda Ya Gama Girma

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowannenmu akwai wani ɗan ƙullutun nama kamar ƙwayar wake, likitoci suna ce da shi fituwitari. Shi ne yake fid da sinadarin girma cikin jini. Yawancinmu muna tsammani aikin wannan sinadari yakan ƙare ran da yaro ya daina tsawo. Ba haka ba ne. Babba ma yana bukatarsa, domin shi yake ƙona kitse, ya riƙe tsoka, ya ƙarfafa ƙashi.

Ƙari a cikin kai ko mugun rauni yakan lalatar da ƙullutun nan. Amma abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne zub da jini mai yawa wurin haihuwa, wanda yakan busar da shi. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan cuta a 1937. Alamunta su ne: ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube, ga kasala kullum. Sai mu ji ana cewa matar nan raguwa ce. Ba ragwanci ba ne, ciwo ne.

Dā daga gawa ake samun sinadarin, amma tun 1985 haɗa shi ake yi. A 1989 likitoci a Landan suka gwada shi ga manya 24, waɗansu da maganin, waɗansu babu. Bayan wata 6, masu karɓar allurar sun ƙara tsoka wajen kilo 5, kitsensu kuma ya ragu kamar haka. Nauyi bai sāke ba, amma jiki ya sāke. Tumbi yakan ragu, mugun maiƙon da ke toshe hanyoyin jini ya sauka, ƙashi kuwa sai bayan shekara guda ko biyu yake ƙara ƙwari.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Allurar takan sa sukari ya hau cikin jini, saboda haka mai ƙiba da mai ciwon sukari sai an riƙa auna su. Takan kumbura ƙafa, ta sa ciwon gaɓoɓi, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Ba a yi wa mai ciwon daji. Ga ta kuma da tsada ƙwarai.

Mu lura da wannan musamman. Mace mai irin wannan ciwo sau da yawa ta rasa waɗansu sinadarai kuma, wato kotisol da na tayirod. Su ake fara mayarwa, gama rashin kotisol yana iya kisa, ƙwayoyinsu kuwa ba su kai allurar tsada ba.

Idan akwai irin wannan mace a gidanku, maigida, kada ka tsaya faɗa. Ka kai ta babban asibiti a gwada jininta, ka kuma gaya wa likita labarin haihuwar. Mai ciki kuwa ta haihu inda za a iya tsai da jini da sauri.