Kachalla: A San Asalinta Kafin A Yaƙe Ta

Mai sayen kifi a kasuwar Tarauni ba lalle ne ya danganta tsadarsa da wata ciyawa da ke dausayin Haɗeja da Nguru ba, alhali alaƙar tana nan. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan da a dā yake cika da damina ya janye da rani ya koma kwance duk shekara a wurare da dama. Kachalla ta sami abin da take so: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi.

Masana tsirrai suna kiranta Typha domingensis. Sai dai dangin kachalla sun shahara da barbara a tsakaninsu, domin iska ce ke kwasar ƙurar furensu. A yankin manyan tafkunan Arewacin Amurka, iri biyu, Typha latifolia da Typha angustifolia, sun haɗu sun haifi ruwa-biyu mai suna Typha × glauca, wadda takan fi iyayenta tsawo da mamaya. Faɗin ganye da siffar kai ba su isa su bambance ta ba, musamman idan ta sake barbara da iyayenta. Gwajin ƙwayoyin halitta ne ke warware zancen: a ciri sinadarin DNA daga ganye, a duba alamomin da kowane iri ya keɓanta da su. Tsiron da ya ɗauko alamomin ɓangarorin biyu, ruwa-biyu ne.

Gwajin yana kuma nuna ko dajin kachalla guda tsiro ɗaya ne da ya bazu ta saiwa, ko tsirrai ne barkatai da suka fito daga iri. Wannan ne zai nuna inda ya kamata a fi sa ƙarfi: yankan ta ƙarƙashin ruwa domin saiwar ta shaƙe, ko daidaita sakin ruwan madatsa domin hana sabon iri kafuwa.

Saboda haka ya dace Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta haɗa hannu da Jami'ar Bayero a tattara ganye daga Kano zuwa Nguru a gwada. Kuɗin gwajin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na injin yankan ciyawa, kuma manomi da masunci ne ke biyan farashin aikin da aka yi bisa zato.