Mai Jego Ba Ruwan Zafi Kaɗai Take Bukata Ba

A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wata larura da muke yawan gani a ɗakin haihuwa da wajen rigakafin yara, amma da wuya ka ga an kawo mace asibiti saboda ita. Larurar kuwa ita ce ciwon damuwa da ke kama mace bayan ta haihu.

Gaskiya a ƙasar Hausa ba a yi wa mai jego rowar hidima. Tana sauka an ɗora tukunyar ruwan wanka, an dama kunun kanwa, maigida ya sayo ƙauri da yaji, in haihuwar fari ce ma gidan iyayenta ake kai ta. (Ko da yake a yi hattara da kanwar nan, domin tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da kwanciya a gado mai wuta da ciwon zuciya da ke kama masu jego.) To amma duk wannan ɗawainiya jiki ake yi wa. Kowa ya shigo barka tambayarsa ita ce, ruwan nono ya zo? Jini ya tsaya? Ba kasafai ake samun wanda zai zauna kusa da ita ya ce, "Wance, yaya kike ji a ranki?" ba.

Da farko ya kamata mu san cewa ba kowane kuka ne ciwo ba. Da zarar mabiyiya ta fita, wasu sinadarai da suka yi yawa a jinin mace lokacin goyon ciki sukan sauka gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ga gajiyar naƙuda, ga rashin barci. Shi ya sa mata da yawa a kwana na 3 zuwa na 5 sukan yi ta kuka babu dalili, ko ƙaramin abu ya ɓata musu rai. Wannan kan wuce da kansa kafin mako biyu, hutu da lallashi sun ishe shi.

Wanda nake magana a kansa shi ne wanda ya zarce mako biyu, ko ya taso daga baya, ko da jariri ya yi watanni. 'Yar'uwa, idan kullum kin wayi gari zuciyarki a ƙuntace, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita ranki, jariri ya yi barci amma ke barci ya ƙi zuwa, abinci ba ya shiga, kina ganin kin kasa a matsayin uwa, ko kina jin kamar ɗan ba naki ba ne, to ki sani ciwo ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun larurar da ta shafi tunani, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20. Wato a cikin mata biyar da ke zaune a benci suna jiran a yi wa 'ya'yansu allura, mai yiwuwa ɗaya tana fama da shi. Ya fi kama wadda ta taɓa yin irinsa, da wadda ta sha wuya wajen haihuwa, da wadda ɗanta bai zo da rai ba, da kuma wadda ba ta da kwanciyar hankali a gidan aurenta.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ni ina ganin karin maganar nan ba ta aiki a kan mai jego. An yi mata lalle da kwalliya, 'yan barka sun cika ɗaki, dole ta yi murmushi. Idan ta buɗe baki ta ce ba ta jin daɗi, sai a ce, "Ke da Allah ya sauke ki lafiya? Wasu nema suke yi ido rufe." Daga ranar ta yi shiru ke nan. Abin da ya fi damuna ma shi ne batun ɗan fari. Al'ada ta ce yarinya ta yi kunyar ɗanta na fari, kada ta ambaci sunansa, kada ta yi masa wasa a gaban mutane. Saboda haka idan ciwo ya sa ta ƙi ɗaukarsa, ta juya masa baya yana kuka, sai manya su yaba, su ce yarinyar nan akwai alkunya. Iyayenmu mata, don Allah ku lura. Mai kunya tana satar kallon ɗanta idan ta ga ba kowa, mai ciwo kuwa ko ɗaki ya watse haka take zaune.

Akwai kuma nau'i mai tsanani da ke samun mace ɗaya ko biyu a cikin haihuwa 1,000, yawanci a makonni biyun farko. Mace ta daina barci sam, tana sambatu, tana jin muryoyi, ko ta ce za a sace mata ɗa. Nan da nan sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi har kwanaki su tafi. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Amma a yi ta a kan hanyar zuwa asibiti, a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Haka nan duk matar da ta ce gara ta mutu ta huta, ko tana tunanin cutar da kanta ko ɗanta, ba a jira gobe. Ɗaure ta ko dukanta da sunan fitar da aljani zalunci ne, ciwon kuwa yana jin magani.

Na san abin da ke hana mutane zuwa shi ne tsoron a ce matar wane ta taɓu. To ga abin da ake yi. Za a zauna da ke a keɓe a yi miki tambayoyi. Akwai wata takarda mai tambayoyi 10 da aka tsara a birnin Edinbara a 1987, wadda ake amfani da ita a ƙasashe da dama don gano wannan ciwo. Akan duba jininki, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo sukan sa kasala mai kama da damuwa. Da yawa tattaunawa da taimakon gida suke warkar da su. Wadda take bukatar ƙwaya, akwai irin wadda likita zai rubuta ta ci gaba da shayarwa. Sai dai maganin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, kuma ba a dainawa sai da izinin likita. Kada a je kemis a sayo mata maganin barci.

Maigida, rabonka a nan ya wuce sayen rago. Ka nemo wadda za ta riƙe jariri na wasu sa'o'i matarka ta runtsa, ka rage mata girki da karɓar baƙi, in ta yi kuka ka saurare ta ba tare da faɗa ba. Arba'in takan zo daidai da lokacin da ake kawo jariri rigakafin mako shida, kuma lokacin ne mai taya ta zama take komawa gida a bar ta da komai. Ka rako ta ranar. Bayan an yi wa yaro allura, ku ce kuna son ganin ungozoma a keɓe, in ta kasa magana kai ka faɗi abin da ka gani a gida.