Kwana a kan ruwan Volta da Inna

Masu bugo waya suna tambayar me ya sa filin nan ya yi shiru mako biyu, ga dalili: taron zumunci ne ya kai ni Salaga, kuma ban bi hanyar da kowa ke bi ba.

Salaga dai ba sai an gaya wa bafatake ba. Ita ce Gwanjar da kakanninmu suka riƙa zuwa da jakuna daga Kano da Katsina, su kawo kanwa da tufafi, su koma da goro. Kakan mahaifiyata yana cikin waɗanda suka zo ba su koma ba. Da yaƙin basasa ya tashi a garin a 1892, ya bi sauran fatake zuwa Kete, inda malamin nan Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, ya bar gidansa na Salaga a hannun ƙaninsa. Gidan yana nan, rabi ya zube. Shi ne ma dalilin taron bana: wani ya taya, 'yan'uwanmu na Kumasi da Lome suna so a sayar a raba. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina cikinsu. Albasa ba ta yi mini daɗi ba bana, har na riga na lissafa buhu nawa rabon Inna zai ɗauko.

Niyyata mu shiga mota daga Akra, mu bi ta Kumasi da Atebubu mu sauka Yeji. Inna ta ce atafau ta ruwa za a bi. Na kawo zancen ƙafarta, na kawo zancen kwana a hanya. Ta ce, "Kai wannan," don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, "ni dai ka kai ni Akosombo." To, uwa ce. Na ɗauki ɗana na biyu muka tafi mu uku.

Jirgin na kaya ne, mutane ƙari ne kawai. Bayan la'asar ya tashi. Ƙasansa cike da manyan akwatunan katako da babu komai a ciki, za su dawo da doya. A cikin akwatunan nan mata 'yan kasuwar doya suka shimfiɗa kwali da tabarma, suka rataya zane a bakin ƙofa, kowacce da bokitinta da butarta da ƙullin dokunu da soyayyen kifi. Ɗaya ta ce mini tana kwana a ruwan nan fiye da yadda take kwana a ɗakinta. Su ne suka gyara wa Inna wuri, suka kore ni can gefen maza. Na yi shekaru ina fatauci a bayan tirela, amma ban taɓa ganin matafiya masu tsari kamarsu ba.

Sallah ce ta ɗan ba mu aiki. Ɗana ya fito da waya yana neman alƙibla, kafin mu yi iƙama jirgi ya karkata. Wani dattijo ya ce mu fuskanci gabas mu kabbara, sauran mu bar wa Allah. Muka yi ƙasaru.

Tafkin nan ba Allah-bar-mu ba ne, mutum ne ya tare kogi. An gama madatsar Akosombo a 1965 zamanin Nkrumah, ruwa ya shanye ƙauyuka sama da 700, aka tashi mutane wajen 80,000. Tsohuwar Kete tana ciki. A can aka haifi Inna, tana budurwa aka kwashe su. Duk wannan na san shi tun ina yaro, amma sani irin na labari.

Washegari da muka doshi Kete Krachi, ta sa aka kama ta zuwa bakin ƙarfe. Ba abin da ake gani sai ruwa da kawunan busassun itatuwa da suka leƙo. Ta nuna wani wuri ta ce nan ne kasuwa. Can kuma ta ce a'a, ya fi kama da can. Ta yi shiru. Sai ta fara kiran sunayen maƙwabtansu gida-gida, daga ƙofar masallaci har rijiya, da mai ƙosai, da makahon da ke yi musu tatsuniya. Ɗana ya ce, "Hajiya, ina kabarin babanki?" Ta buɗe hannu ta nuna ruwan gaba ɗaya. Muka yi fatiha. Matan doya ma suka ɗaga hannu, har da waɗanda ba musulmi ba.

Cikin dare muka isa Yeji. Da safe sai a ƙetare zuwa Makango, daga nan mota zuwa Salaga. A nan ina da magana da ku, 'yan'uwa. Masu kwale-kwalen inji za su kewaye ku, su ce jirgin fito zai daɗe. Bari ya daɗe. Kututturan nan da Inna ke kallo, da yawansu suna ƙarƙashin ruwa ba a ganinsu, kuma sun sha fasa jiragen katako da aka cika da mutane da kaya. In dole ta sa, a nemi rigar ruwa, kada a shiga da yamma ko hadari ya haɗo. Mu mun jira babba, muka isa taro an riga an ci abinci.

Da aka zo maganar gida, kawuna na Kumasi ya karanta kuɗin da aka taya. Aka juyo ga Inna, don ita ce babba a waɗanda suka rage. Ta ce, "Jiya na je gidan ubana ban gane ƙofarsa ba. Wannan ina ganinsa da idona. Ku bari in mutu tukuna." Kawu ya dube ni, don da ni aka ƙulla. Na sunkuyar da kai ina gyara hula.

Ba a sayar ba. Wasu sun tafi da fushi, na Lome ko sallama bai yi mini ba. Aka yanke a gyara ɗakuna biyu kafin damina, kuma kwanon rufi bandir uku ya faɗo a kaina. Wanda ya san inda ake samunsa da sauƙi a Tamale, ya taimaka ya turo mini saƙo.